Hannun Ɗan Farina: Shaidar Mahaifin Wani Mai Jifa a Wasan Besbol

Ni mutumin Katsina ne, kuma koyarwa nake yi a makarantar firamare kafin ƙuri'ar bizar Amurka ta faɗo kaina, na kwashi iyalina muka sauka a unguwar Bronx ta birnin New York a 1998. Aikin da na samu shi ne tuƙin tasi, kuma shi nake yi har gobe. Labarin da zan bayar na babban ɗana ne, wanda ya yi sana'ar jifa a wasan besbol a ƙananan lig-lig na ƙwararru daga 2016 zuwa 2020. Ɗan fari ne, don haka ba zan kama sunansa ba, kuma ba zan ambaci ƙungiyar da ta ɗauke shi ba. Dalilin rubutun shi ne, tun ranar da labari ya isa gida cewa yaron ya zama ƙwararren ɗan wasa a Amurka, 'yan uwa suka ɗauka arziki ya sauka a gidanmu, har wani ƙanena ya bugo waya yana cewa, "Yaya, bana dai kujerar Makka ta tabbata ke nan." Ban taɓa samun zama na warware musu yadda abin yake ba sai yanzu.

Dole in fara da bayanin aikin kansa, domin mutanenmu ƙwallon ƙafa suka sani. A besbol, mai jifa yana tsayawa a kan wani ɗan tudu a tsakiyar fili, tsakaninsa da mai bugu akwai ƙafa 60 da inci 6, wato kusan mita 18 da rabi. Ƙwallon ba ta wuce cikin tafin hannu ba, nauyinta kimanin giram 145 ne, an lulluɓe ta da farar fata an ɗinke da jan zare, kuma tana da tauri ƙwarai. Mai jifa yana wurga ta ga abokinsa mai cafka, wanda ke tsugune a bayan mai bugu. Idan ƙwallon ta ratsa ta ɗan filin da ke tsakanin gwiwar mai bugu da ƙirjinsa bai taɓa ta ba, ko ya kai mata duka da sanda ya kuskure, an ci shi sau ɗaya, kuma a na uku ya fita. Idan kuwa mai jifan ne ya kauce wa filin har sau huɗu, mai bugu ya wuce zuwa zango na farko a kyauta, wato na farko cikin wurare huɗu da yake zagayawa kafin ya ci maki. Wasa zagaye tara ne, kuma a kowane zagaye sai kowane ɓangare ya fitar da mutum uku. Ƙwararren mai jifa yakan sako ƙwallo da gudun mil 90 a sa'a ko fiye, kimanin kilomita 145, ta yadda ba ta cika rabin daƙiƙa ba kafin ta isa.

Shekarar yaron huɗu da muka zo. Maƙwabtanmu a benen da muke haya sun kasu biyu: 'yan uwanmu Hausawan zangon Kumasi da na Accra, waɗanda muke sallah tare, da kuma mutanen Jamhuriyar Dominika, waɗanda besbol yake a jininsu. Da 'ya'yan Dominika ya taso yana wasa, kuma wani dattijo a cikinsu, mai horar da yara a filin shaƙatawa na Crotona, shi ya tare ni wata rana ya ce mini yaron yana da hannu, kuma abin da yake buƙata shi ne wanda zai riƙa cafke masa ƙwallo kullum. Haka na sayi safar hannu ta fata a kantin gwanjo, na zama mai cafka ba tare da na san komai a wasan ba. Nakan sauka daga aikin dare, in yi sallar asuba, in ɗan rintsa, da la'asar kuma in je in tsuguna a kan ciyawa ina miƙa hannun hagu. Lokacin da yake shekara goma, ƙwallonsa takan faɗa cikin safar da ɗan taushi. Da ya kai sha biyar sai da na riƙa cusa soso a ciki, duk da haka gindin yatsana manuni yakan kumbura ya yi baƙi, in wuni ina riƙe sitiyari da hannu ɗaya. A wannan shekarar ce na fara jin ƙwallon tana huci a iska kafin ta iso, kuma daga nan na miƙa safar ga wani matashi da ya san aikin.

Duk yaron da ya taso a Bronx a wancan zamani, Mariano Rivera yake son zama. Rivera ɗan masunci ne daga ƙauyen Puerto Caimito na ƙasar Panama, ƙungiyar New York Yankees ta ɗauke shi a 1990 da kuɗi ƙalilan, ya shiga babbar lig a 1995, kuma bai bar ta ba sai 2013. Aikinsa shi ne rufe wasa, wato a kira shi a zagayen ƙarshe idan ƙungiyarsa tana gaba da ɗan ƙaramin rinjaye, ya hana a farke. Ya yi haka sau 652, adadin da babu wanda ya kai, ya ci kofin gasar sau biyar, kuma a 2019 ya zama mutum na farko da duk masu zaɓe suka amince da shigarsa zauren gwarzayen wasan ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce ba. Abin mamakin shi ne kusan jifa iri ɗaya ya dogara da shi, wanda ke zuwa kamar zai miƙe, sai a dab da mai bugu ya ɗan karkace, har ya riƙa karya sandunan mutane. Na sha ɗaukar fasinjoji a bakin filin Yankees da ke kan titi na 161 bayan an tashi wasa, kuma hirarsu ba ta wuce shi. Yarona ya manna hotonsa a bango, uwarsa ta cire saboda a ɗakin yake sallah, ya mayar da shi cikin ƙofar kabad.

Shi bai samu irin jifan Rivera ba. Abin da ya iya, kuma ya ci abinci da shi, shi ne jifan yaudara. Ya nuna mini yadda ake yi a teburin cin abinci da lemun zaƙi a hannunsa: a jifa mai gudu, yatsu biyu ne ke kan ɗinkin ƙwallo, ita kuma tana can bakin yatsun, a na yaudara sai a tura ta cikin tafin hannu, a haɗa babban yatsa da manuni a gefe, sauran ukun su rufe ta. Hannu zai fita da ƙarfi iri ɗaya, mai bugu ya ga alamar gudu ya saki sanda, ita kuwa ƙwallon ta taho a hankali da ragin mil takwas ko goma, ta iso bayan sandar ta wuce. Ya ce mini duk sirrin yana ga kada fuska ko kafaɗa su tona asirin abin da yatsu suka ƙulla.

A nan ne ya kamata iyaye su saurara da kyau. Jifa daga saman kafaɗa da irin wannan ƙarfi ba abu ne da aka halicci hannun ɗan Adam ya riƙa yi sau ɗari a rana ba. A gefen ciki na gwiwar hannu akwai wata 'yar jijiya da ke ɗaure ƙashin damtse da na ƙasa, kuma duk jifa ɗaya sai ta ɗauki nauyin da ya kusa iyakar ƙarfinta. Kamar igiyar guga take a bakin rijiya, ba ranar da ta tsinke ta fara cinyewa ba. Hukumar wasan yara ta Little League ba ta fara ƙirga yawan jifa ba sai a 2007, inda ta ƙayyade wa ɗan shekara 11 zuwa 12 jifa 85 a rana tare da kwanakin hutu, kuma a 2014 hukumar babbar lig ta fitar da shawarwarinta, ciki har da cewa yaro ya huta daga jifan gasa na tsawon wata huɗu a shekara. Amma ƙa'ida tana aiki ne a cikin gasa ɗaya. Yaro mai hannu yakan buga wa makarantarsa a bazara, ya buga wa ƙungiyar tafiye-tafiye da zafi, da kaka kuma a kai shi Florida ko Georgia wajen baje kolin gwaninta, inda masu farautar 'yan wasa ke zaune a bayan raga kowa riƙe da na'urar auna gudu. Kowane mai horarwa nasa yake ƙirgawa, babu mai haɗa jimilla. Kuɗin waɗannan tafiye-tafiye kuwa daga aljihun iyaye suke fita, kuma adashin da uwarsa ke yi da matan unguwa kusan duk a nan ya ƙare.

Ya samu gurbi a wata jami'a da ke kudancin ƙasar da tallafin karatu na wani ɓangare, domin a lokacin ƙa'idar wasannin jami'o'i ba ta yarda ƙungiyar besbol ta raba abin da ya wuce tallafi 11.7 ba, ga 'yan wasa sama da talatin. Sauran kuɗin bashi muka ci. Sharaɗi ɗaya na kafa masa, cewa sai ya gama digiri, kuma ya cika. Sai dai wannan sharaɗi yana da tsada a kasuwar besbol, domin ɗan wasan da ƙungiyar ƙwararru ta zaɓa yana aji uku zai iya cewa a ƙara masa kuɗi ko ya koma makaranta, wanda ya gama kuwa ba shi da inda zai koma, sai abin da aka ba shi.

Zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016 ya faɗo a cikin azumi. A lokacin zagaye 40 ake yi cikin kwana uku, kuma a rana ta uku, Asabar 11 ga Yuni, ba a ma nuna shi a talabijin, sai dai a saurari muryoyi ta intanet suna karanto sunaye ɗaya bayan ɗaya da sauri. Muna zaune a falo, bakin kowa a bushe, uwarsa tana yanka albasa a kicin ta bar ƙofa a buɗe. Can bayan zagaye na talatin wata murya ta kira sunansa, ta kuma karya shi yadda Turawa suka saba. Uwarsa ta yi guɗa duk da cewa ita ma ɗan farinta ne, ƙannensa suka hau tsalle. Ni dai na ce alhamdulillahi, na tashi na shiga ɗaki. Kuɗin sa hannun da aka ba shi dala 1,000 ne, kafin a cire haraji.

Daga wannan zaɓe zuwa babbar lig akwai matakai kusan shida a wancan lokaci, kuma mafi yawan waɗanda aka zaɓa ba sa kaiwa ƙarshe. A ƙananan matakai albashi bai wuce kimanin dala 1,100 a wata ba, kuma watannin gasa kaɗai ake biya, wato daga Afrilu zuwa farkon Satumba. Atisayen share fage da ake yi a watan Maris a lokacin babu albashi a cikinsa, haka ma watannin sanyi, alhali ana sa ran ɗan wasa ya ci gaba da motsa jiki da kuɗinsa. Daga cikin wannan ɗan albashi yake biyan haya, yake kuma biyan mai kula da ɗakin sauya kaya. Don a gane tazarar, mafi ƙarancin albashi a babbar lig a 2019 dala 555,000 ne a shekara. A 2018 ma majalisar dokokin Amurka ta sa wani sashe a dokar kasafin kuɗi wanda ya cire 'yan ƙananan lig daga kariyar dokar tarayya ta kuɗin ƙarin lokacin aiki. A ganina wannan zalunci ne da aka yi wa yaran da son wasa ya rufe wa ido, kuma masu ƙungiyoyin sun san babu yaron da zai ajiye ƙwallo saboda albashi alhali yana hango babbar lig. Ɗana ya zauna da abokan wasa biyar a gida mai ɗaki biyu, yana kwana a katifar da ake hura wa iska. Da sanyi yakan dawo Bronx ya yi aikin sauke kaya a wani sito, ni kuma duk wata sai na tura masa abin da ya samu. Ƙwararren ɗan wasan da ake jiran kujerar Makka daga gare shi, direban tasi ne yake ciyar da shi.

Abinci ma wata jarrabawa ce, domin abin da ake ajiye musu sau da yawa akwai naman alade a ciki, sai ya koma ga burodi da markaɗen gyaɗa. Azumi kuma a shekarun nan cikin tsakiyar gasa yake zuwa, ga wasa 140 a kakar, ga tafiyar dare a bas daga gari zuwa gari. Ya tambayi limaminmu, Malam ya ce masa ranakun da yake kan tafiya yana da rangwamen matafiyi, ya sha ya rama. Ranakun da suke gida yakan yi azuminsa, kuma da yake an mayar da shi cikin masu karɓar jifa a zagayen ƙarshe-ƙarshe, sau da yawa rana takan faɗi kafin a kira shi, ya sha ruwa da dabino a benci ya shiga fili.

Na je kallonsa a 2017 a wani ƙaramin gari, filin bai ɗauki mutum dubu biyar ba. Iyayen sauran yara suna miƙewa suna kwarara ihu da sunayen 'ya'yansu, wata mata da ke kusa da ni ta tambaye ni ko ina da ɗa a cikin fili, na ce mata akwai wani yaron gidanmu. Ya shigo a zagaye na bakwai da mutum biyu a kan zango, ya fitar da na farko da jifa uku, na ƙarshen shi ne na yaudarar nan, mai bugun ya juya har ya durƙusa a gwiwa ɗaya. Ban tafa ba, domin ba a yi mana tarbiyyar haka da ɗan fari ba, amma takardar shirin wasan da ke hannuna sai da ta jiƙe da gumi ta yage. Bayan wasa ya fito da ƙanƙara ɗaure a kafaɗa da gwiwar hannu, ya rusuna ya gaishe ni a gaban abokansa, na tambaye shi ko yana sallah a kan lokaci.

A 2018 aka ɗaga shi mataki na gaba, gudun jifansa ya kai mil 94, har aka fara maganarsa. A watan Yuli ya bugo mini waya da tsakar dare ina kan aiki, ya ce, "Baba, na ji wani abu ya ɓalle a gwiwar hannuna, kuma ƙaramin yatsana ya mutu." Hoton asibiti ya nuna jijiyar ta tsinke. Aikin da ake yi wa irin wannan rauni ana kiransa da sunan Tommy John, mai jifan ƙungiyar Los Angeles Dodgers wanda likita Frank Jobe ya fara yi wa shi a 1974. Kafin nan duk wanda jijiyar ta tsinke masa ya gama wasa ke nan, amma John ya dawo a 1976, ya ci wasa 164 bayan aikin, bai yi ritaya ba sai 1989. Yadda ake yi shi ne a ciro wata jijiya daga wani wuri a jikin mutum, galibi daga gaban hannu kusa da wuyansa, a huda ƙasusuwan gwiwar biyu, a zura ta a ɗaure ta maye gurbin wadda ta lalace. Ƙungiyar ce ta biya kuɗin aikin, wannan kam ba zan hana su ba.

Aikin kansa bai daɗe ba, jinyar ce mai tsawo, domin takan ɗauki wata 12 zuwa 18. Makonnin farko hannun yana cikin ƙarfen ɗauri, uwarsa ce ke ɓalle masa maɓallin riga. Daga nan ya koma sansanin ƙungiyar a Florida, inda ya shafe watanni yana matsa ƙwallon roba da jan igiyar roba, kuma sai bayan wata huɗu aka yarda ya wurga ƙwallo a hankali daga ɗan nesa kaɗan. Ya ce mini abin da ya fi ciwon zafi shi ne, kowane Yuni ana kawo sababbin yara masu lafiyayyen hannu, kuma kabad ɗin da aka ba su na wani ne da aka sallama jiya. Ya koma wasa a ƙarshen kakar 2019, gudun ya dawo kusan yadda yake, amma saitin bai dawo ba, yana yawan kauce wa fili. Masana sun ce saiti ne ke dawowa a ƙarshe, kuma kakar 2020 ce za ta nuna.

Kakar ba ta zo ba. A tsakiyar Maris na 2020 aka dakatar da atisaye saboda annobar korona, aka ce kowa ya koma gida. Bronx na cikin wuraren da cutar ta fi yi wa ɓarna, mun rasa abokan tuƙi da abokan sahu, ni ma na ajiye mota. Yaron yakan hau rufin bene yana jifa cikin wata raga da ya ɗaura, don kada hannun ya yi sanyi. Kwanaki kaɗan bayan ƙaramar sallah, a ƙarshen Mayu, ƙungiyoyi suka sallami ɗaruruwan 'yan ƙananan lig, kuma wayarsa na cikin waɗanda suka yi ƙara. Maganar ba ta kai minti biyu ba. A ƙarshen Yuni aka soke kakar ƙananan lig gaba ɗaya, sannan daga 2021 aka rage ƙungiyoyin daga 160 zuwa 120, zaɓen sababbi ma aka mayar da shi zagaye 20. Zagayen da aka zaɓe shi a ciki babu shi yanzu. Shekararsa 26, ga tabo a gwiwar hannu, ga gurabe sun ragu, babu ƙungiyar da ta sake nemansa.

Gyaran da aka yi ya zo bayan ya fita. An ƙara albashi a 2021, aka wajabta wa ƙungiyoyi ba da masauki daga 2022, kuma a shekarar ce 'yan ƙananan lig suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa. Yarjejeniyarsu ta farko a 2023 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin matakin farko daga dala 4,800 zuwa 19,800 a shekara. Wata ƙara da tsofaffin 'yan wasa suka shigar kan rashin biyan haƙƙinsu ta ƙare da sulhu a kan dala miliyan 185 a 2022, kuma ɗana ya samu ɗan rabonsa, wanda ya zuba a bashin karatu.

Digirin nan da ya rage masa kuɗin sa hannu shi ya buɗe masa ƙofar kwas ɗin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, kuma yanzu a wani asibiti yake aiki, inda da yawan masu zuwa wurinsa yara ne 'yan makarantar sakandare masu ciwon kafaɗa da gwiwar hannu. Hannunsa na dama ba ya miƙewa sosai har yau, kuma yakan yi masa tsami da sanyi. Ranakun Asabar yana horar da yara a unguwa da 'yar na'urar ƙirge a hannu, kuma ya yi suna wajen cire yaro daga tudu da zarar adadi ya cika, ko da wasa na hannunsu, abin da ya sa wasu iyaye ba sa shiri da shi. Kafin ya karɓi yaro sai ya tambayi ubansa ƙungiya nawa yake buga wa, kuma wane wata ne yake hutawa a shekara.

Ya yi aure, Allah ya ba shi ɗa namiji, kuma yaron bahago ne. A besbol mai jifa da hagu abin nema ne, domin ba su da yawa, kuma masu bugu da hagu suna shan wuya a hannunsu, har akan ajiye bahago a ƙungiya ko da gudunsa bai kai na wasu ba. Kakarsa ba ta karɓi wannan bayani ba, duk lokacin da ya ɗauki cokali ko ƙwallo da hagu sai ta karɓe ta mayar masa dama. Uban ya roƙe ta a yi sulhu, yaron ya ci abinci ya gaisa da dama, a bar masa hagun don jifa. Ta ce masa hannu ɗaya ta riga ta bayar a gidan nan, kuma ba ta ga abin da aka dawo mata da shi ba. Sun kawo ƙarar gabana, na ce su bari yaron ya shiga makaranta tukuna.